Rabin Daƙiƙar da Na Goge wa Kawu

Kawuna mai gyaran agogo ne, kuma mutum ne mai wuyar sha'ani. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka waliyyi na zalunta. Na zalunce shi, ban musa ba, amma duk wanda ya zauna da shi mako guda zai san abin da nake nufi.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin kasuwa, inda mutum ba ya miƙewa tsaye sai ya sunkuyar da kai. Shekara arba'in da ɗaya yana nan. Tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a idon dama, da gwangwanayen madara cike da sukurori ƙanana waɗanda ko atishawa ka yi sai su watse. A bango akwai agoguna goma sha huɗu, duk bakinsu ɗaya. In ka shigo ka ce wayarka ta nuna ƙarfe uku da minti biyu, nasa kuma suna nuna da minti ɗaya, zai ɗago ya ce, "To ka kai ta gyara."

Sana'ar ce ta haɗa shi da taurari. Yana saurayi, maigidan da ya koya masa aiki ya nuna masa yadda ake gwada babban agogon shago ba tare da rediyo ba. Ka hau saman bene bayan faɗuwar rana, ka jingina kuncinka da ƙarfen da ba ya motsi, ka zaɓi tauraro ɗaya, ka jira ya shige bayan tankin ruwan maƙwabta. Gobe zai riga yau shigewa da minti uku da daƙiƙa hamsin da shida. Agogon da bai yarda da haka ba, shi ne maƙaryacin. Waɗanda suka koyi aiki tare da shi duk sun koya sun manta. Shi kuwa, in ji Inna matarsa, tun da ya hau benen nan bai sauko ba.

Da hannunsa ya haɗa madubin hangen nesansa. Ya samo bututun ruwa mai kauri, sannan ya shekara biyu yana goge gilashin a kan ganga a tsakiyar falo, yana zagaya ta kamar mai neman abin da ya yar. Har yau in aka tuna wa Inna sai ta tafa hannu ta ce, "Mazan mutane suna shigo da kujeru gida, ni nawa bututun kwata ya shigo da shi." 'Ya'yansu biyu babu wanda ya gado shi. Babban yana tuƙa babbar mota, ƙaramar kuma ma'aikaciyar jinya ce, dukansu in sun ji an fara zancen sama sai su tuna suna da wani uzuri.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Na gama digiri a fannin fiziks, na zo gidansa da zama ina neman aiki. Ranar da na sauka ya karɓi takardar shaidar, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Shekara huɗu, wannan kawai suka ba ki?" Tun daga ranar ya raɗa mini Mai Kwali.

Ya daɗe a cikin wata ƙungiya ta masu kallon sama, mutanen da ba sana'arsu ba ce, warwatse a ƙasashe. Da can ta gidan waya yake aika musu rahoto. Da suka koma karɓa ta intanet sai ya tsaya cak, domin ya rantse ba zai taɓa na'urar da ba a buɗe bayanta a ga abin da ke juyawa ba. Zuwana ya warware masa matsala. Shi ya faɗa, ni in buga.

Abin da ya cika gidan a watannin nan shi ne wani dutse da Kawu yake kira Ƙato. Yana cikin duwatsun da ke yawo tsakanin duniyar Mars da ta Jupiter, kuma yana cikin manyansu. Kawu ya ce fiye da shekara ɗari da suka wuce wani mutum ya gano shi, da ya ɗauki hoton wuri ɗaya na sama sau biyu, ya jera hotunan, ya ga ɗigo ɗaya ya matsa alhali sauran suna nan. An ƙiyasta faɗinsa ya kai kilomita ɗari biyu. Baƙi ne wuluk, ya fi gawayi, shi ya sa duk girmansa ido ba ya ganinsa. Yana juyawa a kan kansa cikin kamar awa bakwai, haskensa yana ƙaruwa yana raguwa, abin da ke nuna ba mulmulalle ba ne. Amma ainihin siffarsa babu wanda ya sani.

"To kai ina ruwanka da siffarsa?" in ji telan da shagonsa ke manne da na Kawu. Shekara talatin suna maƙwabtaka, shekara talatin suna tsokanar juna. "Riga za ka ɗinka masa, Sarkin Taurari?"

"In da kai ne da tuni ka yanka yadin ba ka auna ba."

"Ni dai tambayata ɗaya. Zai faɗo mana?"

"Ba zai faɗo ba."

"To me ya rage?"

Abin da ya rage shi ne, lissafi ya nuna ranar kaza, jim kaɗan bayan faɗuwar rana, Ƙato zai gitta ta gaban wani tauraro, inuwarsa kuma za ta bi ta kan garinmu. Duk wanda ke kan hanyar inuwar zai ga tauraron ya mutu na 'yan daƙiƙu ya dawo. Wanda ke tsakiya zai ga ya daɗe, na gefe ya ga ya yi sauri. In kowa ya auna nasa aka haɗa, sai siffar dutsen ta fito a takarda, layi bisa layi. Aikin mai agogo ne tsantsa, kuma Kawu ya shekara yana jiran sa.

Matsalar ita ce idonsa. Likita ya ce yanar ido ta fara rufe na dama, wanda yake aiki da shi. An sa ranar aiki, ya ɗage. An sake sawa, ya sake ɗagewa, wai ba zai kai idon da ya saba da shi a taɓa ba sai Ƙato ya wuce.

"Idon da ya saba da kai yana shirin tafiya ya bar ka," in ji Inna.

"Zai jira."

"Ya faɗa maka?"

Na ba shi shawara mu aro kyamara mu maƙala a bakin madubin, kamar yadda yawancin 'yan ƙungiyar suke yi yanzu. Ya dube ni kamar na ce ya sayar da shagon. Tsarinsa shi ne agogon tsere guda biyu, irin wanda ake dannawa a auna daƙiƙu, ɗaya a kowane hannu, ko da ɗaya zai ci amana. Sai agogon tebur mai bugu biyu a daƙiƙa, wanda yake ɗorawa a kan farantin ƙarfe don ƙarar ta fito, yana ƙirga bugun da kunne. Da ƙyar ya yarda in riƙe wayata in naɗi muryarsa.

Ranar ta zo sama tas. Mun hau bene tun rana ba ta faɗi ba. Inna ta biyo mu wai kwashe shanya, amma ta zauna a kan bokiti ta ƙi sauka. A ƙasa masu shaguna suna ta jan ƙofofi, motoci suna ta oda. Duhu ya fara shigowa. Kawu ya nemo tauraron, ya kafa ido a bututun, ya daina motsi gaba ɗaya. Ba ka jin komai a kusa sai tak, tak, tak a kan faranti.

"Ya mutu!"

Na ji ƙas na agogon hannun dama. Ban taɓa sanin daƙiƙa goma sha ɗaya tana da tsawo haka ba.

"Ya dawo!"

Na yi tsalle. Na danna wayar na tsayar da naɗin, na rungume Inna, ita kuma tana cewa, "Shi ke nan? Abin da aka hana mu barci shekara guda a kansa ke nan?" Muna cikin dariya na lura Kawu bai ɗago ba, leɓunansa suna ta motsi. Haka yake, sai ya cika minti guda yana kallo bayan an gama. Sai na ji ƙas, ƙas, daga hannun hagu.

Ya ɗago a hankali. "Ya sake mutuwa."

"Wa?"

"Tauraron mana, ko akwai wani mara lafiya a nan? Bugu arba'in da shida bayan ya dawo, ya sake mutuwa. Bugu ɗaya tak, ya dawo."

Na ce, "Kawu, ƙiftawa ka yi."

"Ni ban san ƙiftawata ba?"

"Ko jemage ne ya gitta."

"Jemage yana tsayawa rabin daƙiƙa a gaban tauraro, ya gaishe shi? Kawo littafi."

Ya rubuta lambobi huɗu da biro a littafinsa, ya sa kwanan wata, ya ja layi. Washegari da safe yana ɗaura agogon hannunsa ya ce, "Mai Kwali, ki aika musu yadda yake." Ya tafi shago.

Na buɗe fom ɗin. Na sa lambobi biyu na farko, na sa na biyun ma, sannan na zauna ina kallonsu. Shekara huɗu ana koya mana abu ɗaya a ɗakin gwaji: in ka auna abu, lamba ɗaya ta fita daga sahun 'yan uwanta, kuma kana da dalilin zarginta, ka cire ta. Dalili kuwa ina da shi har ya yi yawa. Dattijo ne mai yana a ido, babu kyamara, babu naɗin murya, ga jemagu a unguwar. Na ce wa kaina ina kare shi ne, kada baƙin mutane su yi masa dariya. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani gurbi a fom ɗin da aka rubuta mataimaki, kuma ni ce a ciki, da digirina. Na goge layin na biyu. Inda aka tambaya ko an ga wani abu na daban, na zaɓi a'a. Na aika.

Da ya dawo ya ce, "Kin aika?" Na ce na aika. Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa faɗa wa kaina.

Bayan kwana tara saƙo ya zo daga matar da ke tattara rahotannin ƙungiyar, wata tsohuwar malamar lissafi da Kawu ya shekara ashirin yana rubuta wa bai taɓa ganin fuskarta ba. Ban tsaya karantawa ba, na ruga shago da wayar. Tela ya bar kekensa ya leƙo, da tef a wuya.

Na fara karantawa da ƙarfi. Mutum goma sha tara ne suka auna. An haɗa layukan, siffar Ƙato ta fito: dogo ne kamar dankali, kilomita ɗari biyu da talatin a tsawo, ɗari da tamanin a faɗi, da wani loɓawa a gefe ɗaya. Layin Kawu ya zauna daram a tsakiya. Tela ya ce, "Kai! Ashe dai da gaske ne rigar." Kawu bai kula shi ba, sai murmushi yake wa agogon da ke buɗe a gabansa.

Na ci gaba. Wani likitan haƙori, a wani gari mai nisa amma a kan layi ɗaya da mu, kyamararsa ta ɗauki tauraron ya sake mutuwa na rabin daƙiƙa, daƙiƙa ashirin da uku da ɗigo uku bayan ya dawo. In haka ne, Ƙato yana da ɗan wata nasa, ƙaramin dutse mai kamar kilomita tara yana zagaya shi, wanda ba a taɓa sani ba.

Idona ya riga bakina kai wa layi na gaba, na tsaya. Kawu ya ajiye matsefatarsa. "Kin ji ko? Mu biyu ke nan. Karanta."

Na karanta. Ta ce abin takaici, babu wanda ya ba da rahoton haka sai shi kaɗai, kuma a ƙa'idar ƙungiyar shaida ɗaya ba ta isa ba.

"Ba ta karanta nawa da kyau ba," in ji Kawu. "Tsufa ya kama ta. Rubuta mata ta duba layi na biyu."

"Kawu, babu layi na biyu."

Agoguna goma sha huɗu suna ta bugu a bango. Tela ya ja kansa baya kaɗan, amma bai tafi ba.

"Na goge," na ce. "Na ɗauka kuskure ne."

Ya cire gilashin daga idonsa. Ban taɓa ganin yanar sosai ba sai ranar, fari-fari a tsakiyar baƙin.

"Ke kika gani ko ni?"

"Kai."

"Ke kika ƙirga ko ni?"

"Kai, Kawu."

"To me ya kai hannunki?"

Na fara bayanin abin da aka koya mana. Ya ɗaga hannu.

"In mutum ya kawo mini agogo yana gudu, ba na zare allurar in jefar don kada ya ba ni kunya. Rubutawa nake, yana gudu da kaza. Wannan ba a cikin kwalin yake ba?"

Ya mayar da gilashin, ya sunkuya a kan aikinsa. Da ma ya zage ni. Na tsaya a wurin da ba a miƙewa tsaye, wuyana a karye, ina kuka, shi kuma yana ɗaura wa agogon wani direban tasi marfi. Tela ne ya ce, "Haba, Sarki, yarinya ce." Kawu ya ce, "Miƙo mini wancan gwangwanin." Ban san da wa yake ba, mu biyu muka miƙa hannu.

A ranar na rubuta wa malamar. Na faɗi komai, ban rage ba. Na ɗauki hoton shafin littafin da lambobi huɗu da kwanan wata na haɗa mata. Kwana uku ban iya cin abin kirki ba, waya ta yi ƙara sai in ruga in duba.

Amsarta ba ta da tsawo. Ta ce ta san rubutun hannunsa, ta san kunnensa, kuma ita a ranta ta yarda ya gani. Amma rahoton da ya zo bayan an sanar wa kowa lambar likitan ba zai zama shaida ta biyu ba, domin ba ta da abin da za ta nuna wa wanda ya ce kwafa aka yi. Littafi kowa yana iya rubuta masa kwanan watan da ya so. Ta tambaya ko akwai naɗin murya. Akwai, ya ƙare daidai inda na yi tsalle. Ta ce za ta sa maganar Kawu a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, a matsayin rahoton da ya makara. Ɗan watan Ƙato zai zauna a jerin abubuwan da ake zato, ba waɗanda aka tabbatar ba. Na duba lissafin da kaina. Inuwar ba za ta sake bi ta kanmu ba nan da shekara ashirin da wani abu. Kawu yana da sittin da shida.

Na karanta masa. Ya ce, "To." Ya tambayi Inna ko an dawo da wuta.

Wannan "to" ɗin ita ta hana ni sakat har yau. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Da na durƙusa na roƙe shi, cewa ya yi in tashi, ina tare masa haske. Amma duk wanda ya shigo shagon, ko batir ya zo sa wa agogo, sai ya ji labarin tun daga tankin ruwa har zuwa gogewa, da ni a zaune a wurin. Tela ya daina ce mini Mai Kwali, yanzu Magogi yake kirana, har masu sayar da katin waya sun ɗauka. Inna ta ce masa, "Ka kashe 'yar mutane da kunya, ka huta." Ya ce shi labari kawai yake bayarwa yadda ya faru, bai cire komai ba.

Makon da ya wuce aka yi masa aikin idon. Likita ya ce kada ya yi karatu, kada ya sunkuya, kada ya hau bene. Kwana biyu da dawowa gida, yana kwance a doguwar kujera da bandeji a rabin fuska, ya ce in ɗauko kwamfuta. Wasiƙa zai rubuta wa likitan haƙorin.

Na ji daɗi. Na ɗauka zai taya shi murna, ko ya ce masa ba shi kaɗai ya gani ba. Ya yi hakan, a layi ɗaya. Sauran wasiƙar duk bayani ne cewa bugu arba'in da shida daƙiƙa ashirin da uku ne cif, saboda haka agogon kyamarar likitan yana da matsalar ɗigo uku, kuma in ya samu mai zuwa ya aiko shi a duba masa.

"Kawu, ba wuri ɗaya kuke ba. Dole a samu ɗan bambanci. Kuma kyamara ta fi kunne..."

"Kin fara?"

Na mayar da hannuna kan kwamfutar.

"Buga yadda na faɗa."

Na buga. Yana faɗa yana lanƙwasa yatsu, ashe ƙirga kalmomin yake. Da muka gama ya ce ɗari da goma sha biyu ne, ya kira Inna daga kicin ta zo ta ƙirga a kan allon na'urar. Ta zo da ludayi a hannu tana mita, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ɗari da goma sha ɗaya. Na rantse ban taɓa komai ba, na sake rantsewa. Ta sake ƙirgawa, ta ce au, ta tsallake ɗaya.

"Ku biyun nan sai kun ga bayana," ta ce, ta koma kicin.

Na ɗora yatsa a kan maɓallin. "In aika?"

Ya gyara kwanciya, ya rufe idon da ya rage.

"Karanta mini tukuna. Daga farko, a hankali."